Wutsiyar Magana

"Gajarta masa," in ji Tela, tana tsaye a bakin ƙofa da kofin ruwa. "Kalma uku, huɗu, ka tsaya."

Ɗan gidan bai ko dube ta ba. Shekara tara rabonsa da ubansa, ya kuma sha hanya yana tsara abin da zai faɗa. Ba maƙwabciya ce za ta koya masa magana ba.

Ita kuwa ta san abin da take faɗi. Wata biyar ke nan tana jinyar uban nasa, wanda ake kira Tafinta, tun ranar da hawan jini ya kayar da shi a tsakar gida. Mutumin da ya shekara talatin a kotu, alƙali ya zubo zance kamar igiyar rijiya, shi ya riƙe tsaf, ya juya shi zuwa wani harshen ko ɗigo bai zube ba! Likita ya ce kalmomin suna nan daram. Wurin da ke riƙe farkon magana har ƙarshenta ya iso, shi ne ya lalace. Kafin a kai wutsiya, kai ya sulale.

Ɗan ya durƙusa gaban gado.

"Baba, na zo ne ka sani ƙarya ce tsagwaronta, maganar nan da 'yan'uwanka suka yi ta kawo maka tun bayan rasuwar Mama, wai na ce na tsane ka."

Leɓen tsohon na motsi, yana bin kalmomin a guje.

"Na tsane ka," ya maimaita a hankali, irin na kotu. Ya juya fuska ga bango.

"Ba haka na ce ba! Ai cewa na yi su ne suka..."

Tela ta ture shi, ta sunkuya. "Tafinta. Ɗanka ne. Yana son ka."

"Na ji da kunnena, maƙwabciya."

Ɗan ya miƙe yana kaɗe gwiwar wando. "Kin gani ko, Inna? Hali zanen dutse. Abin da ya ga dama yake ji."

Ta bi shi har bakin titi tana roƙo, ba takalmi. Ya shiga mota.

Ranar Laraba da hantsi Tafinta ya cika, tana waje tana shanya zanen gadonsa.

Sai bayan an binne ɗan ya dawo. Ya gaishe ta, ta amsa a ciki-ciki. Da ta leƙa ɗakin ɗauko tsintsiyarta, ta same shi zaune a bakin katifa, ya tsinci tabarau ɗin uban a kan taga, yana ta goge shi da gefen riga.