Iya Hansai a Gindin Lasifika

Mujallar da Ummukulsum ke yi wa aiki ta tura ta Malumfashi, wajen wasan mawaƙan noma da ake yi bayan girbi. Edita ya ce shi ba hoton mawaƙa yake so ba, fuskokin 'yan kallo yake so.

Ta baro Funtua daga ita sai kyamararta, ko fitilar hoto ba ta ɗauko ba. Ta samu wata katangar ƙasa da ranar la'asar ke haskawa, duk wanda ya yarda sai ta tsayar da shi nan. Ta ɗauki manoma da malafunansu, ta ɗauki Benedict mai shagon taki, wanda ya ce tun yana ƙarami wasan nan bai taɓa wuce shi ba.

Can sai ga wata tsohuwa ta sauko daga babur, wata budurwa na riƙe da hannunta. Ummukulsum ta rusuna ta gaishe ta, ba ta amsa ba.

"Yi haƙuri Yaya, ba ta ji," in ji budurwar. "Iya Hansai ce, kakata. Ni ce Raudatu, daga Tsiga muke. Tun wani zazzaɓi da ta yi kunnenta ya toshe."

"To me ya kawo ta wajen kiɗa?"

"Biyo mu ki gani."

Raudatu ta nuna wa tsohuwar kyamara, ta gyaɗa kai alamar ta yarda. Suka ratsa jama'a har gindin babbar lasifika. Hansai ta tuɓe takalmanta, ta kafa ƙafa a ƙasa, ta ɗora tafin hannu a jikin akwatin lasifikar.

Aka buga gangar noma.

Tsohuwar ta lumshe ido. Kafaɗunta da suka ranƙwafa suka miƙe. Sai ta buɗe baki ta kama amshi, daidai inda 'yan amshi suka kama, ko kuskure babu.

"Da ƙuruciyarta ita ke ba da waƙa a gonar gayya," Raudatu ta raɗa wa Ummukulsum.

Babban makaɗi ya hango Hansai, ya sauko ya durƙusa gabanta yana kiɗa. Ummukulsum ta manta da abin da ya kawo ta, sai da Raudatu ta zungure ta. Ta ɗaga kyamara. Rana ta sauka a kuncin tsohuwar, hawaye na bin tsagen fuskarta, ga murmushi. Ta danna.

Da kiɗa ya lafa ta nuna mata hoton. Hansai ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa, "Ikon Allah! Ashe da saurana, 'yata!"

Hoton ne ya fito a bangon mujallar. Ummukulsum ta wanke babba, ta sa shi a gilashi, ta kai mata har Tsiga da kanta.