Tashi-Zauna Sittin a Saman Bene

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina riƙe da gidanmu na Multan, ni Guru Shamshad, uwar gidan. A cikin khwaja sira na birnin nan, mu da aka haifa da jikin maza muka kuma rayu a matsayin mata, ba a taɓa jin na yanke hukunci a kan abin da magabata ba su bari ba.

Ga ɗaya daga cikin abubuwan da suka bari. Chela, wato 'yar da guru ta yafa wa mayafi ta shigar da ita gida, idan ta yi laifi ba ta fara da baki. Kunnuwanta take kamawa ta yi tashi-zauna inda guru za ta gan ta, yawansa kuwa shi ke faɗin girman laifin. Goma na baƙar magana ne, ashirin na ƙarya. Hamsin sau ɗaya na gani, zamanin Guru Allah Rakhi, ranar da wata chela mai suna Reshma ta ƙudura komawa gidan wata guru. Guru ba ta tambaya. Kwana uku take jira, in ba a faɗa mata laifin ba ta karɓe mayafinta.

Ranar Talata da safe na hau bene, sai ga Zarka, wadda nake nufin bar wa gidan nan, hannuwa a ƙeya daf da kunnuwa, tana durƙusawa tana miƙewa. Na ƙirga: sittin. Sittin ba shi da suna a wurinmu. Ta share gumi, ta kira ni da fara'a yadda ake kiran guru don girmamawa, "Guru ji, in kawo shayi?"

Laraba ma sittin. Shabbo, babbar chelata, ta ƙara dagula min lissafi.

"Guru ji, ganga ma ta daina ɗauka in mun fita rawar suna. Kullum da azahar kuma tana unguwar Guru Firdaus, mai wancan gidan, da jaka a kafaɗa."

Ranar Alhamis, bayan wani sittin ɗin, na tara gida, na zauna a kan gadon da aka zauna ranar Reshma.

"Zarka, kwana uku sun cika. Miƙo mayafin."

"Mayafi? Me na yi?"

"Ni za ki tambaya? Ɗari da tamanin na ƙirga da idona."

Ta dafe kai. "Wayyo, Guru ji! Ƙugu nake nema! Likitar da ke ba ni maganin samun surar mata ta ce ƙwaya kaɗai ba za ta cika min jiki ba, sai da motsa jiki."

"Ƙugu a kunne yake?"

"Ƙugun me, ke da kike kamar karan rake?" in ji Shabbo. "Gangar fa?"

"Yaya Shabbo, gangar nan ce ta mai da kafaɗunki na ɗan dako. Ni nawa so nake su tsuke."

"Unguwar Firdaus fa?" na ce.

"Gidan motsa jikin mata ne a can. Gidaje uku irinsa sun kore ni tun daga ƙofa. Wannan kaɗai ta ce in riƙa zuwa da azahar, lokacin da ba kowa."

Ta miƙo min waya. A bidiyon, wata mace ce tana tashi-zauna tana murmushi, babu guru a gabanta.

"Ita wa ta yi wa laifi?"

"Ba kowa, Guru ji."

A zamaninmu man shanu ake sha, a yi rawa da ƙararrawa a ƙafa, in duk ya ƙi a naɗa tsumma a ƙarƙashin zane. Ban taɓa jin an nemi kyau da horon masu laifi ba. Na laluba zamanin Allah Rakhi da na wadda ta gabace ta, ban sami komai ba, ga kuma gida duk ya zuba min ido.

Na ce ta riƙe mayafinta, amma daga yau hannuwanta su tsaya a ƙugun da take nema, kada su ƙara kusantar kunne.

Ta bi hukuncin. Sai dai har yanzu ina hawa benen kowace safiya ina ƙirgawa, kuma duk ta wuce hamsin gabana yakan faɗi. Idan ta cika sittin nakan ce, "Na yafe." Zarka ta ce babu abin yafewa. Wataƙila haka ne, amma sai na faɗa shayin yake shiga.