Hoton Da Ya Tona Inda Auta Take

Ni ban yi karatu ba, tsohon mijin Auta kuwa ya san haka, shi ya sa bai rubuto mini komai ba. Murya ya aiko. Ya gaishe ni da ladabin nan nasa na munafunci, Inna kaza, Inna kaza, ya ce in danna shuɗin layin da ke ƙasa in ga jikana cikin kayan makaranta.

Auta ita ce ƙaramar 'yata. Ta bar gidan mutumin nan da karyayyen haƙori da kunne ɗaya da ba ya ji sosai. Alƙali ya raba su, ya hana shi zuwa inda take. Ɗansu yana hannun kakarsa ta wajen uba, ana ta shari'a a kansa. Auta ta canza gari, ta canza layin waya, ta samu aikin jinya a wani babban asibiti. Ko yayyenta ba su san asibitin ba. Ni kaɗai na sani, kuma ko wuƙa aka ɗora mini a wuya ba zan faɗa ba.

Ranar da saƙon ya shigo ina zaune a benci bakin ɗakin ma'aikatan jinya, ina jiran ta tashi aiki. Ta haɗa wayata da waifai, wato intanet ɗin asibitin, don in riƙa sauraron labarai kada zaman ya gundure ni. Na danna. Sai ga jikana, wuyan riga ya yi masa yawa, haƙoran gaba sun fita. Na yi ta kallo har hawayena ya ɗiga a gilashin wayar. Wace kaka ce ba za ta danna ba?

Ba a yi kwana biyu ba sai ga tsohon mijin nata a inda ma'aikatan asibitin ke ajiye motoci. Ya damƙe hannun Auta, sai da masu gadi suka ɓamɓare shi. Shugabar ma'aikatan jinya ta ce wa Auta ta zauna a gida tukuna, su ba sa son rigima a ƙofarsu. Wato wanda ya yi damƙa yana yawonsa, wadda aka damƙa ce za ta rasa aiki.

Auta ta kulle kanta a ɗaki. Da ta fito, abu ɗaya ta ce mini.

"Inna, wa kika gaya wa?"

Ni da na haife ta. Na rantse mata, ta kau da kai, ba ta yarda ba.

Na ɗauki wayar na nufi wurin Mai Gyara, wata mata mai ɗan shago a ƙarƙashin matakalar kasuwa, kullum tana sunkuye a kan fitila da ƙananan sukurdireba. Ta saurari muryar, ta duba layin, ta yi tsaki. Ta ce hoton ba cikin wayata aka turo shi ba, yana ajiye ne a wata na'ura can. Da na danna, wayata ce ta je ɗauko shi, kuma dole ta faɗi adireshin da za a kawo mata. Wannan adireshin lamba ce, masu sana'ar na ce mata IP. Da da datar wayata na buɗe, abin da zai gani bai wuce sunan kamfanin waya da yankin da nake ba. Amma na buɗe da waifai ɗin asibiti, lambarsu kuwa da sunan asibitin aka yi mata rajista.

Na ce, wato aikena ya yi ban sani ba? Ta ce ƙwarai kuwa, Inna, kuma ba kowa ya iya wannan ba. Na ce ai sana'arsa ce.

Washegari na sauka a ofishin da yake aiki, bene mai ƙofar gilashi da sanyin da ke shiga ƙashi. Matar da ke karɓar baƙi ta ce sai da alƙawari ake ganin Manaja. Na ce to, ga ni na yi wa kaina alƙawari. Na zauna a ƙasa tsakiyar hanya, na miƙe ƙafafu, masu kwat suna ta kewaye ni. Ba a daɗe ba Manaja ya samu lokaci.

Mutum ne mai furfura a gemu da magana a hankali. Ya ba ni kujera, ya shiga yi mini bayanin aikinsu. Wai kamfanoni ke ɗaukarsu su gwada musu tsaron na'urorinsu kafin ɓarayi su gwada. Sukan leƙa su ga wace ƙofa aka bari a buɗe, sukan tura wa ma'aikata saƙon tarko su ga wa zai danna. Amma ba sa taɓa na'urar kowa sai mai ita ya sa hannu ya ba da izini, ya kuma faɗi iyakar inda za su tsaya. Ya ce wannan izinin ne kaɗai ya raba su da ɓarawo.

Na ɗora masa wayata a kan tebur.

"To ɗan nan, nuna mini inda na sa hannu. Ni dangwale nake yi, ba zai yi wuyar ganewa ba."

Ya saurari muryar, fuskarsa ta canza. Ya kira wata ma'aikaciya, ta zauna gaban kwamfuta tana ta dannawa. Can ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Hoton jikana a kan na'urarsu aka ajiye shi, wadda suke ɗana tarkon gwaji da ita. A ƙarƙashi ga lokacin da na danna, ga irin wayata, ga lambar asibitin.

Manaja ya fara ba ni haƙuri, ya ce yau ɗin nan za su sallami tsohon mijin Auta daga aiki. Na ce madalla, ka sallame shi ya samu lokacin wuni a ƙofar asibiti. Ni ba haƙuri na zo karɓa ba. Abin da nake so, shi Manaja ya je gaban alƙali da bakinsa ya faɗi abin da na'urarsa ta nuna, ya kuma gaya wa shugabar ma'aikatan jinya waye mai laifi.

Sai ya fara kame-kame, wai sunan kamfani, wai sai ya yi magana da lauyansu. Na ce ya yi maganarsa, ni ma zan koma wurina na ɗazu, kuma gobe da ƙawayena zan zo, dukkanmu gwiwa ta hana mu saurin tashi. Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce zai je.

Na ce saura ɗaya, kuma yanzu. Na sa ma'aikaciyar ta nemo mini lambar Auta a wayata, na miƙa wa Manaja wayar. Ya gaya mata ko shi waye, ya gaya mata yadda aka yi, ya ce mahaifiyarta ba ta faɗa wa kowa ba. Ya saurare ta, sannan ya miƙo mini.

"Inna," in ji Auta. "Kin ci abinci kuwa?"

Na ce ban ci ba, kuma ba zan ci ba sai na ga tsohon mijin nata tsaye gaban alƙali. Ta ce in daina wannan maganar in dawo gida.

Manaja ya je kamar yadda ya ce, an tsare tsohon mijin Auta kan saɓa umarnin kotu, Auta ta koma bakin aikinta. Shari'ar yaron tana nan ba ta ƙare ba, kuma ni ban huce ba. Mai Gyara ta sauke mini hoton, yanzu yana zaune a cikin wayata, ba sai an je ɗauko shi wurin kowa ba. Kullum sai na buɗe na kalli wuyan rigar nan da ya yi masa yawa, in tsine wa wanda ya yi tarko da shi.