Fatar Dutsen Ƙarshe

A ɗakin binciken Farfesa kowa Auta yake ce mata, don ita ce ɗalibarsa ta ƙarshe kafin ya yi ritaya. Digirinta na zama dakta kuwa kacokan ya rataya ne a wuyan wani ɗan baƙin dutse da bai kai farce ba.

Dutsen nan akwai taurin kai. Cikinsa ba ya barin lantarki ya wuce, sai fatarsa kawai. Abin da Auta take son nunawa shi ne ƙwayoyin lantarkin da ke gudu a fatar suna da tsari: masu yin dama suna juyawa ta wata fuska, masu yin hagu ta ɗaya fuskar. Idan haka ne, layi biyu da injin awo ke zanawa za su rabu a allon kwamfuta.

Sai dai iska na taɓa fatar take lalacewa. Don haka ake manna ɗan ƙarfe a kan dutsen, a sa shi cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, sannan a bugi ƙarfen da sanda ya ɓantare saman, sabuwar fata ta fito. Duwatsun baya duk sun dagargaje a hannunta. Wannan ne kaɗai ya rage.

Da safen nan ta yi bisimilla ta buga. Ya ɓantare sumul, yana sheƙi kamar madubi. Ta kunna injin.

Layukan suka fito kwance a kan juna, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba. Ta juya wajen Farfesa.

"Shi ke nan, Farfesa. Babu komai."

Tsohon, wanda ko gobara ba ta sa shi ɗaga ƙafa, ya gyara tabarau ya leƙa tagar tukunyar.

"Sauri ya haifi nawa, 'yata. A karkace kika ɗora dutsen, injin nan kuwa ta fuska ɗaya yake auna juyin. Murɗa shi."

Ta kama mariƙin da ke juya dutsen ta murɗa. Suka zuba wa allon ido. A hankali layi ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya yi ƙasa, suka rabu sarai.

Wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Ta zauna daɓas a ƙasa, dariya da hawaye suka haɗe mata.

Farfesa ya ja kujerarta ya zauna gaban allon.

"Yi kukanki a natse, Dakta. Zan kula miki da injin."