Wankan Na'ima

"Ɗiya tara na haihwa cikin ɗakin ga, ba a taɓa sa min wuƙa ba!" in ji Inna Kulu, tana iza itace a murhu. "Yau kai, Lawwali, za ka koya min jego?"

"Inna, likita yac ce kar ruwan zahi shi taɓa ɗinkin. Aiki na ukku ke nan hwa anka yi mata."

"Likitan shi ya haihe ka?"

Lawwali ya sunkuyar da kai. A kasuwar hatsi ba mai ja da shi, amma gaban uwarsa ɗan tsako ne. Ya hau babur ya fice.

Duk unguwar Gawon Nama an san matarsa Na'ima, mai dariyar da ake ji ta bayan katanga. Kwananta ɗaya da dawowa daga asibiti, ciki a ɗinke, ga jaririya. Ita kuwa Inna Kulu ranar suna take hange: mata su zo, su ji mai jego ba ta yi wanka ba, a ce uwar miji ta yi ƙyashin itace. Bakin matan unguwar nan sai addu'a, ko da yake har da namu a ciki.

Ta tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa, ta fyaɗa wa Na'ima, ta danna mata mara wai jini ya sauka. Na'ima ta ciji bakin zane. Wa ke yi wa uwar miji ihu?

Safe da yamma ake yi. A rana ta uku ɗinkin ya buɗe yana ruwa, jiki ya yi rau da zazzaɓi.

"Inna, ciwon shina wari," in ji Na'ima a hankali.

"Sanyi na, ɗiyata," in ji Inna Kulu, ta ƙara itace.

Ko da Lawwali ya kai ta asibiti, ba ta gane kowa. Ranar suna da hantsi ta cika. Matan da suka zo da turamen atamfa suka zauna zaman makoki, ragon suna yana ɗaure a gindin bishiya.

Da aka dawo daga maƙabarta, Lawwali ya tarar da uwarsa a tsakar gida, jaririya a cinya.

"Lawwali, haka anka yi min. Haka anka yi ma uwata."

Ya dube ta, ya dubi murhun. Ya juya, ya buga ƙyauren langa-langa har jaririyar ta zabura.

A cikin tukunya, ganyen darbejiya yana yawo a kan ruwan da ya riga ya huce.