Ƙafar Da Kalilu Ya Ƙera

Tun da aka yanke wa Tamba masunci ƙafar hagu a Sakkwato, ɗansa Kalilu bai sake samun sukuni ba. Malamin injiniya ne a kwalejin kimiyya ta Birnin Kebbi, ya duƙufa har ya ƙera ƙafar roba mai lanƙwasa, wadda za a yi zaman tahiya da ita, a kuma shiga laka. Wata jami'a ta kira shi ganawa. In bincikensa ya gamsar da malamanta, za su ɗauke shi digiri na biyu a fannin ƙera kayan asibiti.

Sai dai Kalilu ɗan fari ne. Tamba bai taɓa kama sunansa ba, shi kuma bai taɓa ɗaga ido ya dubi dungulmin ubansa ba. Awon ma ƙanin uban ne ya yi masa. Duk zuwansa gida Argungu, daga bakin zaure yake durƙusawa.

"Baba, ya ƙahwar?"

"Da sauƙi. Mun gode Allah."

Bawan Allah sai ya koma ya rubuta cewa ƙafa ba ta da aibu, kamar an taɓa jin Bahaushen da ya amsa gaisuwar ciwo da wata magana daban.

Ana jibi tafiya ya zo karɓar ƙafar don ya nuna wa malaman. Gwaggonsa Sadatu ce ta miƙo masa ita, fuska ba walwala. Ya leƙa cikin kwarmin da dungulmin ke shiga, ya ga tsumma ya daskare da jini.

"Tun damana taka cin shi," in ji ta. "Ya hana a hwaɗi, wai kada a ɓata ma karatu."

Duk abin da Kalilu zai kai jami'a ya tashi a banza, kuma da hannunsa ya azabtar da ubansa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya wuce zauren, ya shiga har ɗaki, ya durƙusa gaban tabarma.

"Baba, na hwasa tahiyar."

Tsohon ya kai hannu da kansa ya kwance ƙyallen da ke naɗe da dungulmin.

"Kalilu," ya ce, "matso ka duba da kyau. Nan taka cizo. Tahi ka gaya ma malaman hakanan."