Koken Famfo

"Wannan ai zagi ne, 'yata, ba koke ba," in ji Baba Mai Tafireta, yana ɗaga takardar kusa da idonsa.

Mai ɗinki ta ɓata rai. Karo na uku ke nan yana mayar mata da ita. Tun da famfon layinsu ya ƙafe, mata suke tallabo jarka daga bayan kasuwa, ita kuwa da ta koyi rubutu da girmanta ta ce sai ta kai kukansu ofishin ruwa. Dattijon maƙwabcin nata ya ƙare ƙarfinsa yana buga takardu a ma'aikata. Yanzu ciwo ya kwantar da shi, ko kofi ba ya iya riƙewa.

"To Baba, ba gaskiya na faɗa ba?"

"Gaskiya ce. Amma kina yanka wando da awon riga? Fara da wanda kike rubuta wa. Sai abin da ya lalace, tun yaushe, wa yake shan wahala. Ki rufe da abin da kike roƙo. 'Marasa imani' ɗin nan, ajiye shi sai kin tashi rubuta waƙa."

Matarsa ta yi dariya daga bakin ƙofa.

Mai ɗinki ta dafa takarda a gwiwa ta sake rubutawa. Da ta karanta masa, ya lumshe ido.

"Ko ni iyakata ke nan. Kai musu."

Ranar da ma'aikatan ruwa suka iso da diga, jikin Baba ya riga ya yi nauyi. Da hantsi famfon ya yi tari, ya feso ruwa. Layi ya kaure da guɗa. Mai ɗinki ta cika kofi ta ruga gidan Baba, matarsa ta ɗiga masa a leɓe.

"Naki ne wannan?" ya tambaya a hankali.

"Namu ne, Baba."

Ya yi murmushi. Kafin la'asar ya cika.

Matarsa ta riƙo hannun mai ɗinki. "'Yata, sanarwar rediyo. Ke za ki rubuta."

Ba ta taɓa yin irinta ba, kuma babu mai gyara mata. Ta share hawaye, ta tambayi kanta me mai sauraro yake bukatar ji: wa ya rasu, ina, yaushe za a kai shi. Ta ture yadin da ke kan keken ɗinki, ta shimfiɗa farar takarda, ta fara da sunansa.